Kaburbura Biyu da Wanda Ya Koma Gida

Duk shekara idan Kirsimeti ta gabato, akwai gidaje a Madalla da Suleja da murnarsu take zuwa gauraye da makoki. Da safiyar 25 ga Disamba, 2011, masu sujada suna fitowa daga majami'ar St. Theresa ta 'yan Katolika a Madalla sa'ad da bam ya tashi, ya hallaka mutum fiye da 35. A cikin shekarar nan ɗaya an riga an ga irin wannan ta'asa a ofishin hukumar zaɓe na Suleja a watan Afrilu, da kuma a wata majami'a cikin gari a watan Yuli. Yaran da suka zama marayu a ran nan yanzu sun zama samari da 'yan mata. Wahala kuwa ba ta ɗauke ƙafa daga ƙasar nan ba. A watan Janairu na 2025 tankar mai ta kama da wuta a mararrabar Dikko, ta ci rayuka fiye da 80. Manoma da yawa a yankunan Shiroro da Rafi da Munya sun bar gonakinsu saboda 'yan bindiga. Tun da aka janye tallafin mai a 2023, magidanci yakan tsaya gaban mai awo a kasuwa yana lissafin mudu nawa albashinsa zai iya ɗauka.

A irin wannan lokaci masu wa'azi sukan waiwayi labarin 'yan mishan na farko, kuma daidai ne su yi haka. Amma yawanci hanya ɗaya ake bi da labarin: sun sha wuya, sun mutu, ga shi yau majami'u sun cika ƙasa, saboda haka a yi haƙuri, girbi yana tafe. Jama'a su ce amin, a yi addu'ar rufewa, a tashi. Sai dai a bencin baya akwai gwauruwa wadda ta binne miji da ɗa a rana ɗaya. Ita tana iya tambaya a zuciyarta, “To, nawa girbin yana ina?” Wannan ba tambayar marar bangaskiya ba ce. Wace irin ƙarfafawa ce ta halatta a ciro daga wahalar waɗansu a miƙa wa wanda nasa mikin bai warke ba? Kafin a amsa, ya kamata a sake bin labarin yadda ya faru, domin taƙaitawar da aka saba yi masa takan zubar da sashen da mai makoki ya fi bukata.

Ran 4 ga Disamba, 1893, samari uku suka sauka a Legas: Walter Gowans daga Kanada, Thomas Kent daga birnin Buffalo na Amurka, da Rowland Bingham, haifaffen Ingila wanda ya yi ƙaura zuwa Kanada, bai ma cika shekara 21 ba. Babu ƙungiyar mishan da ta yarda ta ɗauki nauyinsu. Nufinsu su kai bishara cikin “Sudan”, sunan da Turawan zamanin suke kiran faffaɗar ƙasar da ke kudu da Sahara, har da ƙasar Hausa da ta Nufe da Barno. Wani babban ɗan mishan a Legas ya gaya musu a fili cewa ba za su ga ƙasar ba, 'ya'yansu ma haka, sai dai watakila jikokinsu. Ba da jimawa ba zazzaɓi ya kwantar da Bingham, aka shirya ya zauna a bakin teku yana aika wa 'yan'uwansa guzuri. Sauran biyu suka nausa arewa. Gowans ya faɗa hannun mayaƙa masu kamun bayi, ya rasa kayansa, ciwo ya cinye jikinsa, ya mutu a Girku cikin ƙasar Zazzau a watan Nuwamba na 1894. Kent ya mutu a Bida a watan Disamba na shekarar. Bidan nan ce dai da mota take kai mutum daga Suleja ta Lambata da Lapai da Agaie. Ba su kafa tasha ko ɗaya ba, ba su yi wa kowa baftisma ba, ba su juya ko aya ɗaya zuwa harshen ƙasa ba. A 1895 Bingham ya koma Kanada shi kaɗai, da 'yan kayan Gowans a hannunsa zai kai wa mahaifiyarsa.

A nan ya kamata mai karatu ya dakata. Mai wa'azin da ke cewa “dubi girbi” yana tsaye ne a kan tudun shekara 130, yana hangen abin da ya biyo baya: tashar Wushishi a 1904, ta Paiko a ƙasar Gbagyi a 1909, ta Karu a 1910, cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, kafuwar ECWA a 1954. Duk wannan gaskiya ne, abin godiya ne kuma ga Ubangiji. Amma Gowans da Kent ba su ga ko ɗaya a ciki ba. Wanda yake tsakiyar wahala yana zaune ne a 1895, shekarar da babu abin nunawa sai kaburbura biyu. Idan an yi masa alkawari cewa lalle zai ga sakamakon haƙurinsa da idonsa, an yi masa alkawarin da labarin kansa bai cika wa mutanen da ke cikinsa ba. Ranar da alkawarin ya ƙi cika, Allah zai zarga, alhali mai wa'azi ne ya yi alkawarin.

Saboda haka mutumin da ya fi kama da iyalan Suleja a cikin ukun nan shi ne wanda bai mutu ba. Bingham bai ɓoye halin da ya shiga ba. Ya tafi Afirka riƙe da koyarwar da ke cewa mai bi na gaske, idan ya dogara ga alkawaran Allah, cuta ba za ta rinjaye shi ba. Ga shi kuwa abokansa biyu, waɗanda ya san sun fi shi himma, zazzaɓi ya kashe su kamar kowa. Bangaskiyarsa ta girgiza har tushe, ya yi watanni cikin shakka. Ya ɗan koyi aikin asibiti, ya ƙara karatun Littafi, ya yi aikin fasto a wata ƙaramar ekklisiya a Amurka, ya yi aure a 1898. A 1900 ya sake ɗaura niyya, ya zo Legas da abokai biyu. Cikin 'yan makonni zazzaɓin ya sake kama shi, aka ɗauke shi zuwa jirgi a kwance. Abokan nan biyu suka karai, suka bi jirgi na gaba zuwa gida. Shekara bakwai ke nan da farawa, babu abin da ya samu sai kunya a gaban waɗanda suka ba da kuɗinsu. Daga baya ya kira wannan lokaci mafi duhu a rayuwarsa. Daga cikin wannan duhu ne littafinsa The Bible and the Body ya fito a 1921, inda ya warware kuskuren koyarwar da ya fara da ita.

Littafi Mai Tsarki ma bai yi wa tafiye-tafiyen manzanni kwalliya ba. Manzo Bulus ya shaida wa Korantiyawa, a farkon wasiƙarsa ta biyu, cewa a ƙasar Asiya nauyi ya yi musu yawa har suka fid da tsammanin rayuwa. A Listira an jejjefe shi, aka ja shi bayan gari ana zaton ya mutu. Abin lura shi ne irin ƙarfafawar da shi da Barnaba suka kai wa sababbin masu bi sa'ad da suka sake ratsa garuruwan nan, kamar yadda sura ta 14 ta Ayyukan Manzanni ta nuna: ba su ce musu wahala ta ƙare ba, sun gaya musu tana kan hanyar. Akwai kuma Yahaya Markus, saurayin da ya juya baya a tsakiyar tafiya ta fari, har ya zama sanadin rabuwar Bulus da Barnaba. Da an rufe littafinsa a ran nan, da sunansa matsoraci. Amma a ƙarshen rayuwar Bulus, daga kurkuku, Markus ɗin nan ne ya roƙi Timoti ya zo masa da shi. Magidancin da ya yi sanyi, wanda ya daina zuwa addu'ar safe tun ranar da aka sace ɗan'uwansa a hanyar gona, yana da 'yan'uwa a cikin Littafi da cikin tarihin ekklisiya. Sanyin gwiwa bai fitar da Markus daga aikin ba, bai kuma fitar da Bingham ba.

Akwai wani kuskure da yake tafiya kafaɗa da kafaɗa da na farko, wato ɗaukar wahala kanta a matsayin shaidar yardar Allah, kamar yawan kaburbura shi ne ma'aunin tsarkin aiki. Tarihin kogin Kwara ya ƙaryata wannan. A 1841 jirage uku na Ingila suka hau kogin da Turawa wajen 145, zazzaɓi ya kashe fiye da 40 a cikinsu. A 1854 likita William Baikie ya hau Kwara da Binuwai, ya sa mutanensa shan kwinin kowace rana, ya dawo bai rasa ko mutum ɗaya ba. Addu'ar 'yan 1854 ba ta fi ta 'yan 1841 zafi ba. Magani ne ya bambanta su. Sai a 1897 Ronald Ross ya tabbatar a Indiya cewa sauro ne ke ɗauke da cutar, shekara uku bayan an binne Kent. Yawancin mace-macen farko na rashin sani ne, kuma aikin bai kafu ba sai da aka koyi shan kwinin da kwana cikin gidan sauro. Ba banza ba ne mutumin da ya fi kowa daɗewa a cikin na farkon, Dokta Andrew Stirrett, mai sayar da magani ne a Toronto kafin ya bar shagunansa ya zo a 1902. Ya yi aiki a Patigi da Wushishi da Paiko, Hausawa suka sa masa suna Bature Mai Magani, ya rayu a ƙasar nan har mutuwarsa a Jos a 1948.

Rigakafi ya fi magani, in ji Hausawa, kuma bangaskiya ba ta gaba da wannan karin magana. Bulus da kansa an zurara shi cikin kwando ta bangon Dimashƙu don ya tsira, ya kuma kafa hujja da 'yancinsa na ɗan Roma sa'ad da za a yi masa bulala. Dattawan ekklisiya da suka sa shinge a ƙofar majami'a bayan 2011, suka sa matasa duba jakunkuna da hana ajiye mota kusa da gini, ba su rage dogara ga Allah ba. Uwar da ta kai ɗanta asibiti da dare maimakon ta jira taron warkarwa na ranar Juma'a ta yi daidai. Masu gaya wa marar lafiya ya zubar da maganinsa don ya nuna bangaskiya suna maimaita kuskuren da Bingham ya biya da hawaye, sai dai su da jikin wani suke gwajin.

Mai tunani zai iya kawo wata hujja mai ƙarfi. Zai ce, “Waɗannan samari su suka zaɓi wahalarsu. Sun ji gargaɗi, suka shiga da idonsu biyu, Bingham kuma yana da Kanada da zai koma. Wanda ya je sujadar Kirsimeti da 'ya'yansa bai zaɓi kome ba, ba shi kuma da wata ƙasa.” Wannan magana gaskiya ce, bai kamata a share ta ba. Amma labarin bishara a bakin Kwara bai fara da Turawan 1893 ba. A cikin jiragen 1841 da na 1854 akwai wani Bayarabe, Samuel Ajayi Crowther. Yana yaro aka kai hari garinsu Osogun a 1821, aka kama shi, aka raba shi da uwarsa, aka yi ta sayar da shi hannu zuwa hannu har jirgin bayi. Sojojin ruwan Ingila suka tare jirgin a 1822, aka sauke shi a Saliyo, ƙasar da bai san kowa ba. Bai zaɓi ko ɗaya daga cikin wannan ba. A 1846, bayan shekara 25, ya sake haɗuwa da mahaifiyarsa a Abeokuta. A 1857 jirginsu Dayspring ya fashe a kan dutse kusa da Jebba, suka maƙale wajen shekara guda, ya mai da zaman jiran ya zama makarantar koyon Nufanci. A 1864 aka naɗa shi bishop, baƙar fata na farko a ɗarikar Angilika.

Ko garin Suleja ma 'yan gudun hijira ne suka kafa shi. Sarakunan Zazzau na Haɓe ne da suka baro Zariya a zamanin jihadi suka sauka a ƙasar Gbagyi da Koro, Abu Ja ya gina birnin a 1828, sunansa kuma ya zauna a kan garin har aka ba sabon babban birnin tarayya. Mutanen wannan ƙasa sun daɗe da sanin yadda ake gini a kan asara.

Wahalar Crowther mafi ɗaci ba daga masu bayi ta zo ba, daga cikin gida ta fito. Wajen 1890 waɗansu samarin Turawa 'yan mishan suka zo da zafin kai, suka tuhumi fastocinsa 'yan Afirka, suka dakatar da su a gaban idonsa, suka rushe abin da ya yi shekara talatin yana ginawa. Tsohon ya mutu a Legas ran 31 ga Disamba, 1891, da baƙin ciki. Sai a 2014 Babban Bishop na Kantabari, Justin Welby, ya nemi gafara a fili saboda abin da aka yi masa. Ana bukatar faɗin wannan a cikin mujallar ekklisiya, domin 'yan mishan ba mala'iku ba ne, kuma da yawa daga cikin masu kuka a yau ba bam ne ya ji musu ciwo ba. Wani kwamiti ne ya yi masa rashin adalci, wata kuma 'yan'uwan mijinta, masu bi kamar ita, suka kwashe gado tun ba a share makoki ba. Su ma labarin yana da wurinsu.

Haka kuma labarin ba makami ba ne da za a wasa a kan maƙwabci. Crowther ya sha zuwa fadar Etsu Masaba a Bida, yana magana da sarki Musulmi cikin ladabi, ana karɓarsa da mutunci. Sa'ad da jirgin Bulus ya fashe a tsibirin Malta, waɗanda suka hura masa wuta ba masu bi ba ne. A watan Mayu na 2021 yara fiye da 100 aka kwashe daga wata makarantar Islamiyya a Tegina, suka yi wajen wata uku a daji. A watan Nuwamba na 2025 ɗalibai fiye da 200 aka kwashe daga makarantar St. Mary a Papiri. Hawayen iyayen Tegina da na iyayen Papiri gishirinsu ɗaya ne. Wa'azin da ya ɗauki jinin shahidai ya mai da shi dalilin ƙin mai shagon da ke maƙwabtaka ya ɓata sunan waɗanda suka mutu suna neman kai wa mutanen nan albishir.

Saura maganar Margaret Gowans, wadda ita ce ta fara zuba wa Bingham nauyin ƙasar Sudan a cikin ɗakinta a Toronto. Da ya kawo mata kayan ɗanta, ta riƙe hannunsa, ta yi shiru, sa'an nan ta gaya masa cewa ta fi so Walter ya je ya mutu can shi kaɗai da a ce yana gida a ran nan cikin rashin biyayya ga Ubangijinsa. Ana yawan maimaita wannan magana a kan bagadi, kuma ta cancanta. Amma a lura da wanda ya faɗe ta. Uwar mamacin ce, da bakinta, a lokacin da ta ga dama. Bingham bai shigo ya ce mata, “Mama, ki gode wa Allah.” Irin wannan magana dukiya ce idan ta fito daga mai makoki, idan mai ta'aziyya ne ya ɗora masa ita, kaya ce. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Abokan Ayuba sun yi kwana bakwai zaune tare da shi a ƙasa ba su ce uffan ba, kuma a cikin dukan littafin wannan ne kaɗai abin da suka yi da ba a tsauta musu a kai ba. Laifinsu ya fara ne da suka buɗe baki suna bayyana masa dalilin wahalarsa.

Matan Zumunta sun fi masu digiri gane wannan. Su ne za su zo da itace da garin tuwo, su share tsakar gida, su kwana uku a tabarma, su rera waƙa a hankali idan mai gidan ta so, su yi shiru idan ba ta so. Bayan wata shida, lokacin da masu dogon jawabi sun manta, wata a cikinsu za ta tuna cewa kuɗin makarantar marayan ya yi. Margaret Gowans ma ba a kan magana ta tsaya ba. Ta ci gaba da addu'a da tara masu goyon bayan aikin da ya cinye ɗanta, ba tare da wata alama cewa zai yi nasara ba. Ga gwauruwar bencin baya, abin da labarin yake iya ba ta da gaskiya ke nan: mutanen da suka tsaya a inda take tsaye, ba su san ƙarshen ba kamar yadda ita ma ba ta sani ba, waɗansunsu sun yi shakka, waɗansu sun gudu sun dawo, Ubangiji kuwa bai auna amincinsu da abin da idonsu ya gani ba.

Yunƙuri na uku ya tashi a 1901. Wannan karo Bingham bai zo ba, ya tsaya a Kanada yana neman kuɗi, aikin da ba a rera wa waƙa. Mutum huɗu ya aiko, suka hau Kwara, suka kafa tasha a Patigi a 1902. Kafin shekara biyu ɗaya ya mutu, biyu an mayar da su gida da ciwo. A cikin huɗun Alexander Banfield kaɗai ya rage, yana bin masunta da manoma yana tambayar sunan kowane abu da Nufanci yana rubutawa. Kashi na farko na ƙamus ɗinsa ya fito a 1914.